Zagaye Na Biyar

Shafi na 19

Ranar Lahadi matarsa ta mutu, da hantsi, a ƙasan kicin, shi kuwa yana kan titi yana gudu. Yau shekara shida. Iya abin da mutane suka sani ke nan, a kansa suka zo suka yi masa gaisuwa suka watse.

Tun daga ranar Mai Agogo bai ƙara ɗaura igiyar takalmin gudu ba. Mutumin da unguwa ta laƙaba wa wannan suna saboda ba ya ɗaga ƙafa sai ya danna agogon hannunsa, ya koma zaman kujera. Ya yi ritaya daga ɗakin karatun da ya shekara talatin yana jera littattafansa, ya ajiye teɓa, sunkuyawa ta zame masa aiki. Sai wata bakwai da suka wuce ya tashi wata safiya, bai shawarci kowa ba, ya fita. Ranar farko minti huɗu ya yi ya rungume turken fitila yana haki. Yanzu yana cinye kilomita ashirin da ɗaya kafin masu shaguna su gama shara.

Gudun famfalaki yake so ya shiga, kilomita arba'in da biyu, wanda mutuwar ta hana shi yi waccan shekarar. Shekararsa hamsin da tara, masu shirya tseren kuma ba sa karɓar wanda ya haura hamsin da biyar sai da sa hannun likita. Ya kai takardar wani asibiti can ƙarshen gari, nesa da inda 'yarsa likita take aiki, da gangan. Aka yi masa gwaji, aka ce ya dawo Asabar ya karɓa. Yau ce Asabar ɗin, kuma ƙarfe sha biyu na rana za a rufe rajista.

Masu rubuto min cewa na cika jan rai, in kawo musu 'yar, to ga ta nan. Kada wani ya dawo min da ƙorafi.

Yana shawo kwanar layinsu ya hango motarta a ƙofar gida. Tana jingine da ita, ta harɗe hannuwa. A kujerar gaba, ƙofa a buɗe, Anti ce, ƙanwar marigayiyar, zaune tana fifita da mayafi.

Yana isowa daidai turken ƙofa yatsansa ya tafi kan agogo.

"Danna, Baba," in ji 'yar. "Danna tukuna, ma gaisa daga baya."

Ya riga ya danna.

"Likita. Hanya ce ta ɓace miki?"

"Ina kwana, Baba."

"Rabon da ki tambaye ni yadda na kwana an yi kwana ɗari biyu. Wanne daga ciki kike nufi?"

Anti ce ta sauko, ta dube shi daga furfura har ƙwauri.

"Kai, Yaya! Da girmanka da komai, a gajeren wando, gari ya waye ana kallonka. Ji ƙafafu kamar na bencin makaranta."

"Idan kin gama kallon ki matsa, bayanki akwai layi."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin. Ku shigo, maƙwabta ba su biya kuɗin kallo ba."

Ya tuɓe takalmansa a baranda, ya jera su kai da kai. Falon yana nan yadda suka san shi, littattafai har silin, kujera ɗaya ce kawai ta lotsa saboda ita kaɗai ake zama a kai. Ya nuna musu wurin zama. Anti ta zauna. Likita ta ƙi.

Ta buɗe jaka ta zaro takarda.

"Wannan taka ce?"

Ya gane ta tun kafin ta warware ta.

"Sunan da ke kai ai kin iya karanta shi. Naki ne rabinsa."

"Likitan da ka je wurinsa ajinmu ɗaya. Ya ce yana ɗaga kai ya ga hancina a fuskar wani tsoho."

"Ashe yanzu sirrin majinyaci a taron tsofaffin ɗalibai ake karanta shi."

"Bai sa hannu ba. Ya ce ba zai tura mahaifina kilomita arba'in da biyu ba ni ban sani ba."

"To kin sani. Me gwajin ya ce?"

"Zuciyarka lafiyarta ƙalau. Sau biyu na duba. Ta fi tawa."

"Yo ba a taɓa amfani da ita ba," in ji Anti, "ta ina za ta lalace?"

Mai Agogo ya goge gumin wuyansa da tawul, a hankali, kamar ba da shi ake ba.

"Madalla. Ke ma likita ce, hannunki ya wadatar. Ga biro can kan tebur. Ofishin nasu tafiyar minti arba'in ce daga nan, kuma ban yi wanka ba."

"Zan sa hannu, Baba."

"To?"

"Sai mun yi karatu tukuna. Ai kai ka koya min, ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba."

Ta sake tura hannu cikin jakar. Abin da ta fito da shi ƙaramin littafi ne mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba.

Tawul ɗin ya tsaya a wuyansa.

Duk mai dogon gudu yana da irin littafin nan. A ciki yake rubuta nisan da ya yi, da mintocin da ya ci, da gaɓar da ta yi masa tsami. Mai Agogo yana da goma sha tara a jere kan kanta, kowanne da shekararsa a gadon bayansa. Na ashirin ɗin ne babu. Ranar rasuwar ya cusa shi ƙarƙashin zannuwan matar a cikin kwaba, ya rufe, ya hana kansa tunawa. Watan jiya ya kwashe kayan gaba ɗaya ya ba ƙanwarta ta rabar. Mutumin da ya shekara talatin bai ajiye littafi inda ba wurinsa ba, sau ɗaya ya yi, kuma ga shi a hannun 'yarsa.

"A tsakanin zannuwan Yayata na same shi," in ji Anti. "Na ɗauka addu'o'i ne."

"Kuma da kika ga ba su ba ne, sai kika ci gaba da karantawa."

"Har ƙarshe. Sau uku."

"Kin yi ƙoƙari. Ban san kina wuce shafi biyu ba."

"Baba," in ji Likita. "Da ni za ka yi magana."

Ta cire robar ta sa a wuyan hannunta.

"Ranar da Mama ta rasu ina makaranta. Da na iso na tambaye ka ina kake lokacin da ta faɗi. Ka ce kana kan titi. Na ɗauka ka yi nisa, can bayan gari."

"Ban ce bayan gari ba."

"Ba ka ce ba. Ka bar ni na ɗauka. Ashe zagayenka na kullum ka yi, wanda ke bi ta ƙofar gidan nan duk bayan kilomita bakwai."

"Haka ne."

"Kuma duk zagaye Mama takan fito ta ɗora maka kwalbar ruwan sanyi kan katanga, kusa da turken ƙofa, ka sura kana gudu. Ina ƙarama ni nake riƙe mata murfin."

"Kina zubar da rabi."

"Shekara nawa tana yi maka?"

"Goma sha tara."

"Ta taɓa fashi?"

Ya naɗe tawul ɗin a hannunsa.

"Baba, ta taɓa fashi?"

"Ranar da aka haifi ƙaninki ma sai da ta sa aka ajiye."

"To saurara."

Ta buɗe shafin ƙarshe. Muryarta ta koma irin wadda suke karanta sakamakon gwaji da ita.

"Lahadi. Saura mako uku tsere. Kilomita talatin da biyar, zagaye biyar. Na ɗaya, minti talatin da takwas, ruwa. Na biyu, talatin da takwas, ruwa. Na uku, talatin da tara, ruwa, gwiwar hagu tana magana. Na huɗu, talatin da tara."

Ta ɗago ta dube shi.

"Babu ruwa."

Fankar silin tana juyawa. Anti ta daina fifita.

"Na biyar," in ji Likita, "minti arba'in da ɗaya. Ƙishirwa ta ci min minti biyu."

Ta rufe littafin.

"Rubutunka ne?"

"Nawa ne."

"Ka zo ƙofar gidanka, ka duba katanga, ka ga babu kwalba karo na farko a shekara goma sha tara. Sai ka yi me?"

"Kin karanta."

"So nake in ji da bakinka."

"Na wuce."

"Ka wuce."

"Ba a tsayawa a dogon gudu na ƙarshe," ya ce, kuma shi kansa ya ji yadda maganar ta fito, a bushe, kamar yana yi wa sabon ɗan gudu bayani. "Shi ne ake gina komai a kansa. Idan ka tsaya a kilomita ashirin da takwas, ƙafafunka sun koyi tsayawa a ashirin da takwas. Ranar tsere nan za su ajiye ka. Duk wanda ya taɓa yi ya san haka."

Anti ta miƙe tsaye.

"Ji min mutum! Wallahi ji min mutum! Yayata tana kwance a ƙasa tana neman numfashi, shi yana koya wa ƙafafunsa karatu!"

"Zauna, Anti."

"Ba zan zauna ba! Shekara shida ina kawo masa abinci duk Juma'a, ina cewa bawan Allah ya yi rashi. Ashe..."

"Abincin da gishiri ya yi masa yawa," in ji shi. "Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce."

"Baba!"

Ya rufe bakinsa. Ya san halinsa. Idan aka matse shi harshensa ne ke fara fita, kuma bai taɓa dawo masa da alheri ba.

Likita ta sake buɗe shafin, ta juyo masa da shi.

"Dubi nan. Tawadar ta jiƙe ta baje. Da farko na ce hawaye ne. Na so ya zama hawaye. Sai na tuna kai ba ka bari lissafi ya huce, kana tsayawa kake rubutawa. Gumi ne, ko ba haka ba?"

"Gumi ne."

"A ina ka rubuta?"

"A baranda."

"Kafin ka shiga ciki."

"Kafin in shiga."

"Daga baranda zuwa kicin taku nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"Har ka ƙirga."

"Na samu lokaci."

Ta ja numfashi ta hanci, ta sauke shi a hankali.

"Shekara huɗu ke nan ina karɓar masu irin ciwon Mama a ɗakin gaggawa. Waɗanda aka kawo cikin rabin awa, da yawansu da ƙafarsu suke komawa gida. Suna dawowa su yi min ƙorafin magani ya yi musu ɗaci. Duk wadda ta fita sai in ce, da Baba yana kusa. Haka nake cewa, Baba. Da yana kusa. Ashe ta gaban ƙofar ka gifta."

Gumin jikinsa ya soma bushewa, sanyi yana shigar masa gwiwoyi.

"Yanzu kuma ka koma," ta ce. "Titin nan dai, zagayen nan dai. Na ga kwalba kan katanga da muka iso. Wa ya ajiye?"

"Ni."

"Me kake nema a can? Kada ka ce min teɓa. Kada ka ce min hawan jini, na ga takardunka."

"Lambar yabo yake nema," in ji Anti. "Wadda aka yi masa asararta. Ya rataya a wuya ya zo ya nuna wa kujeru."

Ya dubi Anti, ya buɗe baki, ya fasa. Ya juya ga 'yarsa.

"Idan na shawo kwanar can, akwai wajen daƙiƙa goma kafin bishiyar maƙwabci ta kauce in ga katangar. A cikin daƙiƙa goman nan ban san ko akwai kwalba ko babu ba. Ban san wa ya ajiye ba. Na zauna shekara shida a kujerar nan, ban samu daƙiƙa goma irinsu ba."

"Daɗin baki," in ji Anti. "A littafi ya karanto."

Likita ba ta dube ta ba. Ta zauna a hannun kujera, karo na farko tun shigowarta. Littafin yana kan cinyarta.

"Wata guda ke nan abin nan yana jakata. Na kai shi wurin aiki, na dawo da shi, na sake kai shi. Ga inda na tsaya. Kwalba ce. Mutum yana iya cewa tana banɗaki, ko waya ta riƙe ta, ko ruwan bai yi sanyi ba. Wanda ya ga babu kwalba ya wuce, wauta ya yi, da son kai. Zan iya ɗaukar wannan, Baba. Da ƙyar, amma zan iya, tunda ba ka san tana neman ka ba."

Ta matso da fuskarta.

"Tambaya ɗaya ta kawo ni. Shi ke nan abin da ya faru? Babu wani abin da ba ka rubuta ba?"

Ya kasa riƙe idonta. Ya kawar da kai, kuma idonsa, da ya saba da wuri ɗaya tun tana ƙarama, ya sauka kan agogon hannunsa.

Daƙiƙa ɗaya ce. Ta gani.

Ta yi wata 'yar dariya marar sauti.

"Ƙarfe nawa, Baba?"

"Ba haka..."

"A'a, gaya min. Kada mu makarar da kai."

"Uwata, tsaya."

"Kada ka kira ni haka yau."

Ta miƙe, ta ɗauki biron kan tebur, ta danne takardar da tafin hannu ta rattaba hannu har biron ya kusa huda ta. Ta zaro hatiminta daga jaka ta buga. Ta ajiye masa a kan kujerarsa, ta ɗora baƙin littafin a kai.

"Ga shi. Lafiyarka ƙalau, na shaida. Ka je ka yi gudunka, babu mai tsayar da kai. Dama ba a taɓa yi ba."

Ta rataya jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Na samu aiki a ƙasar waje. Tun watan jiya suke jiran amsata, na ce sai na ga mahaifina. Na gan shi. Alhamis zan tashi."

"Na shekara nawa?"

"Ban tambaye su ba. Anti, mu tafi."

Anti ta gyara mayafi, ta bi ta gabansa.

"Ranar Juma'a kada ka jira kwano," ta ce. "Ka huta da gishiri."

Ya ji an rufe ƙofar mota, ɗaya, biyu. Ya ji injin ya tashi. Yana tsaye tsakiyar falo, takardar tana hannunsa, bai san lokacin da ya ɗauke ta ba. Sa hannun yana nan, hatimi yana nan, saura awa biyu cur a rufe rajista. Abin da ya yi wata bakwai yana nema ke nan.

Sai ya ga kansa a baranda. Bai tsaya sa takalmi ba.

Ya fita da safa, ya hau kwalta. Motar ta kai tsakiyar layi. Ƙafafun da suka ci kilomita ashirin da ɗaya suka huce a tsaye sun zama itace, amma ya tilasta musu. Mai wankin mota ya ɗago kai. Wata mata ta janye ɗanta daga hanya. Tsakuwa tana huda masa tafin ƙafa, takardar tana kaɗawa a hannunsa.

A bakin babban titi wata motar kaya ta tare hanya, motar 'yarsa ta tsaya a bayanta.

Taku arba'in. Talatin. Ya ɗaga hannu.

A madubin gefe ya ga idon Anti. Ta gan shi sarai. Ta dube shi, ta sa hannu ta ɗaga gilashi.

Taku goma sha biyar, jijiyar ƙwaurinsa na hagu ta ɗaure tamau kamar an ja ta da ƙugiya. Ya tafi ƙasa da gwiwa ɗaya. Motar kayan ta matsa. Tasu ta ba da sigina, ta shiga titi, ta bi sahun sauran.

Ya zauna a gefen kwalta, safarsa ta yage, numfashinsa yana fita da ƙara. Abin da ya biyo ta da shi bai fi numfashi ɗaya ba, kuma babu wanda ya rage a layin da zai ji:

"Ba kwalbar ce kaɗai ba, Uwata. Ta kira ni ta tagar kicin. Na ji muryarta. Na ɗaga mata yatsa na ce saura zagaye ɗaya, na wuce."